Jan Faifai da Farin Bango

Ni ce na ce a yi mini su ja. Gara in fara da wannan, domin duk abin da ya biyo baya daga bakina ya taso.

A shekarar ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, takardar ɗaukata aiki ma daga can ta zo. Ina zaune a gidan gwaggona, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Iyayena suna Argungu. An sa ranar aurena da wani ma'aikacin ofishin gona, mutumin da ni na kawo shi da kaina, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Saura wata uku biki na je ganin ɗakin wata abokiyar aikina da ta tare. Kwanoninta ja, labulenta ja, har murfin randa ja. Na dawo da ciwon ja a zuciya. Ranar Juma'a ana tashi daga makaranta na shiga motar Argungu, na je na zauna gaban Inna, mahaifiyata, na ce faya-fayan da za ta ɗinka mini na jere, guda goma sha biyu, ina son su ja zalla, babu sirki.

Inna gwanar ɗinkin faifai ce. Ba don ta haife ni nake faɗa ba. In ka zuba gari a faifanta ka ɗaga, ƙwaya ɗaya ba ta ɓullowa ta ƙasa. Mata daga Gulma, garinsu, in sun shigo kasuwa sukan biyo ta gidanmu don kawai su juya aikinta a hannu su yi ta jinjina kai. Faifai ɗaya yakan cinye mata mako guda, kuma kullum da sirki take yi: farar kaba, baƙa, sai ɗan jan karan dafi a tsakani, zobe bayan zobe. Tun da take ba ta taɓa ɗinka faifai mai launi ɗaya ba.

"Ja zalla?" in ji ta. "Wanga ai ba ɗinki ba na, rini na."

Basillar da ke hannunta ta faɗa wa wannan magana, ba ni ba. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce sunana a bakinta, in kuma tana jin tsiya ta ce "malama". In za ta yi mini magana sai ta nemi wani wuri kusa da kafaɗata ta aje idonta a can. Ban taɓa jin haushin haka ba, a haka na buɗi ido na gan mu.

Na turo baki, na ce jan karan dafi ma bai yi mini ba, ya cika duhu kamar ruwan goro. Na fito da ƙullin garurar kanti da na sayo a kasuwar Birnin Kebbi. Ta kwance, ta duba, ta ƙulle. Kashegari da hantsi ta rina kabar ta shanya a kan igiya, tsakar gidanmu ta koma kamar an yi yanka. Ja ne mai cizon ido. Na yi ta murna, ina kewaya igiyar kamar ƙaramar yarinya.

A makon ne kuma Baba ya ga ya dace shi ma ya nuna 'yarsa za ta yi aure. Manomin shinkafa ne a fadama, in ruwa ya ja baya kuma ya ɗauki homar kamun kifi ya bi masunta. Ya samo farar ƙasa ya shafe katangar tsakar gida tas, musamman wadda ke fuskantar rumfar da Inna ke zama tana ɗinki. Da rana ta hau kanta sai ka runtse ido.

Abin da ya faru bayan tafiyata, sai daga baya na ji shi, amma gara in faɗe shi yanzu. Inna ta zauna da jan faifai a cinya tun bayan karin kumallo, kai a duƙe, har rana ta take. Da ta ɗago don ta miƙe wuya, sai ta ga wani koren faifai a jikin farar katanga, girmansu ɗaya da na cinyarta. Ta kai ido dama, ya bi ta. Ta kai hagu, ya bi ta. Ta murza ido, ya dusashe a hankali ya ɓace. Ta koma ɗinki, ta sake ɗagowa, ga shi ya dawo.

Wata ce da ta yi dariya ta ci gaba da aikinta. Amma mahaifiyar Inna, kakata ta Gulma, makauniya ce ta rasu. Na san ta, da tafin hannu take gaishe ni, ta shafa goshina ta gangaro zuwa haɓa ta ce na yi ƙiba ko na rame. Inna tana budurwa ciwon ya fara, kuma ta tuna sarai abin da tsohuwar ta riƙa faɗa a farkonsa: wai wani zobe mai launi, da kore a ciki, yana kewaye duk abin da ke da haske. Cikin 'yan shekaru idon ya rufe. Saboda haka da Inna ta ga koren faifai a katanga ba ta tambayi kowa ba. Ta yanke wa kanta hukunci cewa gado ya iso, kuma abin da ya rage mata shi ne ta gama kayan ɗakina tun tana gani.

Daga ranar ta ninka zama. Da takan tashi da azahar ta aje basilla sai gobe, yanzu kuwa tana idar da salla take komawa rumfa har la'asar sakaliya. Iya daɗewar da ta yi tana kallon ja, iya ƙarfin koren da take gani in ta ɗago. Iya ƙarfin koren, iya saurin da take ƙarawa. Babu wanda ta gaya wa, har Baba.

Da aka yi hutun makaranta na dawo gida gaba ɗaya, saura wata guda biki. Na tarar da faya-fayai goma a jere a kan gadonta. Na yi tsalle. Na ɗauki na farko da na biyu, sumul, irin aikinta. Na ɗauki na bakwai na ɗaga shi sama, sai na hango rana ta cikinsa. Ɗinkin ya yi wara-wara, bakin ya karkace, ga tsinin kaba yana sukar hannu. Na lura, ba zan ce ban lura ba. Amma lissafin da ke kaina a lokacin na bango ne: a jere su sama, wa zai hau ya duba? Na mayar na aje na ce, "Inna, kin yi ƙoƙari." Har yau in na tuna wannan "kin yi ƙoƙari" sai in ji kamar in mari bakina.

Sai na fara ganin wasu abubuwa. Wata safiya na fito daga ɗaki na same ta tana tafiya daga ƙofar madafa zuwa wurin randa, idonta a rufe, leɓenta yana motsi, hannu ɗaya a miƙe. Na ce, "Inna, lahiya?" Ta buɗe ido da sauri ta ce hayaƙi ne ya shige mata. Ko wuta ba a hura ba. Na shiga madafa neman gishiri na tarar ta ɗaura wa goran gishiri igiya mai ƙulli ɗaya, na kanwa ƙulli biyu, na yaji uku. Na yi mata tsiya na ce ko ta fara tsufa ne. Ta ce wa tukunya, "Malama dai ba a raba ta da bincike."

Wanda ya fi damuna shi ne kallo. Matar da shekara ashirin da uku ba ta haɗa ido da ni ba, sai ga ta tana kallona. Ina tsefe kai, in na juyo idonta yana kaina. Ina cin tuwo, idonta yana kaina. Ba kuma kallon sata ba, a'a, kallo ne na tsanaki, daga goshi zuwa haɓa, kamar mai haddar allo. Ban saba ba, sai abin ya riƙa sa ni tsarguwa. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa, gwaggo ta sha cewa da fushi ake tuƙa tuwo da ba ta sayi itace ba. Ranar da abin ya ishe ni na aje cokali na ce:

"Don Allah Inna, mi na? Kin tsare ni da ido kamar na yi sata. In wani abu nay yi ki hwaɗa mani, in ko babu ki bar ni in ci abinci."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Babu komi. Ci abincinki." Ta ɗauki basilla ta koma rumfa. Na ci abincina har na suɗe kwano, ina jin na yi maganin abin.

Saura kwana goma sha biyu biki asirin ya tonu. Da hantsi ne. Inna za ta je ta tsince shinkafa, sai ta miƙo mini faifai na goma sha ɗaya da reza, ta ce in bi in yanke tsinin kabar da ya fito. Na zauna a kan tabarmarta, a daidai wurin zamanta, na duƙa. Tsinin da yawa, na daɗe ina bi zobe bayan zobe, ba na ganin komai sai ja. Can akuya ta ture wani kwano a gindin katanga, na ɗago da niyyar in kore ta. Sai ga shi: faifai kore shar, da ɗan shuɗi-shuɗi a ciki, yana lilo a jikin farar ƙasar Baba. Na kai ido gefe ya bi ni. Abin ya ba ni sha'awa, na ƙyalƙyale da dariya.

"Kai! Inna, zo ki ga wani hwaihwai tsanwa ga bango. Ga shi nan shina bin idona."

Ƙarar ƙwarya na ji. Shinkafar ta watse a ƙasa, kaji suka yo kanta, Inna ko kallonsu ba ta yi ba. Ta tako zuwa gare ni kamar mai tafiya a cikin ruwa.

"Mi kic ce?"

"Na ce tsanwa nig gani ga bango. Ya ma hwara ɓacewa."

"Ke ma?"

Ta durƙusa a gabana ta kama fuskata da hannu biyu, tafin hannunta duk jan garura, ta buɗe mini ido da babban yatsa tana leƙawa. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, sau biyu. Ban taɓa jin sa a muryarta ba, har na ɗan yi jim kamar wata ake kira. Sannan ta fashe da kuka, irin kukan da ban san tana da shi ba.

"Na roƙi Allah shi tsaya gare ni," take cewa. "Kullum ina roƙo shi tsaya gare ni. Ni na ga duniya, na ga ɗiyana. Ke ko ɗaki ba ki shiga ba."

Da ƙyar na haɗa maganar, guntu-guntu, tsakanin shessheka: koren faifai, kakata ta Gulma, taku goma sha bakwai daga madafa zuwa randa, ƙullin goruna. Maganar kallon kuwa ni na ƙarasa wa kaina: fuskata take haddacewa kafin idon ya rufe. Wata biyu matar nan tana shirin makanta ita kaɗai, tana ɗinka mini kayan ƙawa da abin da take zaton shi ne ragowar ganinta, ni kuma na ce ta bar ni in ci abinci. Na rungume ta. Kuma gaskiya tsoro ya kama ni ni ma, domin kukan uwa yana da saurin shiga jiki.

A haka Baba ya shigo daga fadama, laka har gwiwa, ya same mu rungume da juna kaji suna biki a kan shinkafa. Ya yi salati ya ce wa ya rasu. Na yi masa bayani. Ya ce a ba shi faifan. Ya tsuguna ya ƙura masa ido kamar mai karanta wasiƙar da ba ta yi masa daɗi ba, ina ƙirga masa har sittin, sannan na ce ya dubi katanga.

"Awo," in ji shi. "Ga shi nan, tsanwa shar kamar dashen shinkahwa. To wanga shi na makanta? Ai in haka na, masuntan Argungu duk makahi na. Ka wuni kana kallon ruwa rana na dukanai, ka ɗaga kai, sai ka ga baƙi-baƙi na yawo ga huskar mutane. Wa yat taɓa kai ƙara?"

Na zaci Inna za ta saki rai. Ina! Sai ta dafe kai. "To gidan duka ya kamu. Garurar ga ta. Ta ci muna idanu mu duka."

A nan ne wani darasi ya faɗo mini. A kwalejin horon malamai an taɓa nuna mana wannan abu da jan kwali da farar takarda. Na rubuta shi a jarrabawa, na ci, na bar shi a can tare da takardar. Ban taɓa zaton zai biyo ni har rumfar Inna ba. Na ruga ɗaki na ɗauko koren kallabina, wanda garura ba ta taɓa ba, na shimfiɗa mata a cinya. Na ce ta kalle shi, kada ta motsa ido. Ta ce ba ta iyawa. Na ce sai ta iya, da muryar da nake yi wa 'yan aji uku. Ta kalla. Na ƙirga, na ce ta ɗago.

Ta daɗe tana duban katangar. "Ja-ja na," ta ce a hankali. "Kamar ruwan albasa."

Na zauna kusa da ita na yi mata bayanin iya yadda na gane shi. Na ce farin nan da take gani ba launi ɗaya ba ne, launuka ne a gauraye, ido ne yake haɗa su. A cikin ido akwai masu karɓar ja, akwai masu karɓar kore, akwai masu karɓar shuɗi. In aka wuni ana ɗura wa masu karɓar ja ja, sai su gaji, su yi sanyi. Da an juya ga fari, su ba su farfaɗo ba, sauran kuwa garau suke, sai rabon ja ya yi ƙaranci, kore ya rinjaya. Da sun huta sai fari ya koma fari. Na ga ba ta biyo ni ba, sai na ce, "Inna, in kil lashi zuma sannan kis sha koko, ƙaƙa kika jin shi?" Ta ce, "Lami." Na ce to harshenta bai mutu ba, zaƙi ne ya cika shi. Shekara da shekaru tana sirka fari da baƙi da ja, idonta yana hutawa daga wannan launi zuwa wancan, katangar gidan kuma jar ƙasa ce, ba ta nuna komai. Ni na kawo ja zalla, Baba ya kawo farin bango, mu biyu muka haɗa mata wannan aiki.

"Ni kar ki sa ni ciki," in ji Baba. "Ni gyara niy yi."

Inna ta yi ɗan murmushi, amma bai kai ido ba. Ta ce, "Innata ma tsanwa tag gani." A nan na san kallabi ba zai kashe maganar ba, kuma ni kaina ban da tabbacin ciwon kakata ba ya bin jini. Na ce gobe sai asibiti.

Da sassafe muka shiga motar Birnin Kebbi ni da ita. Har muka isa carbi kawai take ja a ƙarƙashin mayafi. A ɗakin duba ido muka yi layi har rana ta ɗaga. Da aka kira mu, likitan ya nuna mata kujera, sai ta tsaya ƙyam ta ce ni za a fara dubawa. Ya ce ai katin nata ne. Ta ce ta ji, amma ba ta zama sai an duba yarinyar. Mutumin kirki ne, ya dube ni ya dube ta, ya ce in zauna. Ya haska mini fitila, ya ɗiga magani, ya auna, Inna tana tsaye a kansa kamar mai gadin tukunya. Da ya ce idona lafiya lau, sai na ji ta sauke numfashin da ban san tun yaushe take riƙe da shi ba. Ta zauna a kujerar kamar wadda ta sauke dami.

Ita ba ta karanta boko, sai aka nuna mata allo mai alamu masu yatsu uku, aka ce ta nuna da hannu inda yatsun suka kalla. Ta bi su layi-layi har na can ƙasa, ƙanana kamar ƙwayar gero, waɗanda ni malama na yi ta canka. Likitan ya yi dariya ya ce da ita da ni, ni ce zan riga ta sa tabarau. Ya saurari labarin kakata bai katse ta ba. Ya ce wancan ciwo gaskiya ne, kuma yakan bi dangi, don haka mu riƙa zuwa duk shekara ana aunawa, amma yau babu alamarsa ko kaɗan. Zoben da tsohuwar ta gani daban, koren da ke zuwa bayan kallon ja daban. Ya ce wannan na biyun ma lafiyayyen ido ne yake yin sa.

A hanyar dawowa ta zauna bakin taga. Fadama ta yi kore har iyakar gani, ta yi ta kallo, tana nuna mini balbelu a kan shanu da wani mai kwalekwale can nesa, kamar wadda aka sako daga ɗaki. Muna dab da shiga gari ta ce, "Malama, kin ci wani abu kuwa tun sahe?" Na juyo don in ba ta amsa, sai na ga kafaɗata take tambaya. Kunyarta ta dawo wurinta. Na yi farin ciki, domin alamar ta warke ke nan. Amma na gane kallon nan ya ƙare, kuma ni ban karɓe shi da kyau ba lokacin da ake ba ni. Na ce na ci, alhali ban ci ba.

Muna shiga gida ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗaki. Ta fito da faya-fayan duka a rungume ta zube su a rumfa. Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana duban rana ta cikinsu. Biyu ta aje a dama. Tara ta aje a hagu. Sannan ta ɗauki na saman tarin hagun, ta sa bakin basilla a ƙarshen ɗinkin, ta fara warwarewa.

Zuciyata ta hau. "Inna! Mi kika yi haka? Saura kwana goma sha ɗaya! Da mi za a yi mani jere? Dangin miji su zo su ishe bango tsirara?"

Ba ta ɗago ba. Jar kaba tana ta zubowa a cinyarta.

"Su ishe," ta ce. "Waɗanga tsoro yaɗ ɗinka su, ba ni ba. Ba ni kai ɗiyata ɗaki da su."

"To yaushe za ki gama?"

"Ɗaya ga mako, kamar yadda nis saba. In na gaji in huta." Ta tsaya, ta ja wani dogon zare na kaba ta miƙar da shi a kan gwiwa. "Ai yanzu ina da lokaci."

Na tsaya ina kallon hannunta, yadda yake tafiya a hankali, ba rawa, ba gaggawa. Rabon da in ga hannun nan haka tun kafin in kawo garura gidan. Fushin ya zube, hawaye suka maye gurbinsa, na bar su suna zuba.

Da faifai uku aka kai ni ɗaki. Gwaggo ta yi ta mita, wasu 'yan ganin ɗaki suka yi ƙus-ƙus, na ji su da kunnena ban tanka ba, abin da ba halina ba. Sauran tara suka riƙa isowa Birnin Kebbi ɗaya-ɗaya, a naɗe cikin tsumma, ta hannun direban motar Argungu. Ba ma ɗaya a mako ba, wani lokaci sai a yi wata ban ga ko ɗaya ba. Duk wanda ya iso sai in ɗaga shi sama in duba, ko tsinin allura na haske ba ya ratsa shi. Na ƙarshen da kanta ta kawo, ina da tsohon ciki. Ta miƙa wa kafaɗata shi ta ce a yi haƙuri, ya ɗan daɗe.